Yadda Na Kashe Rijiyar Masunta

Sadiƙu, juyo da wayar nan in sake gani. To, na gani. Bukkokin ciyawa, itatuwan kwakwa, ga teku, ga wata baiwar Allah kwance a raga tana murmushi. Nafisa ta je ta yi kwana biyar a irin wannan wuri lokacin hutun jami'a, ta dawo ta ishe mu da labari, kai kuma har ka fara zancen ku haɗa kai ku huɗu ku gina irinsa a Ghana. Na ji abin da ka ce ɗazu muna cin abinci, kada ka zaci kunnena ya tsufa. Cewa ka yi, "Ai ba wani aiki ba ne, Baba Haladu. Bukka, sola, sai a haƙa rijiya, shi ke nan." Sai a haƙa rijiya! Kai da ko famfon kicin ɗinku ne ya ɗiga sai Hajiyarku ta kira ni tun daga unguwar Glenwood. Ku zauna ku ji. Shekara bakwai na yi ina ba da ruwa a irin wannan masauki, kuma da hannun nan nawa na kashe rijiyar da gari guda yake sha. Ban taɓa gaya wa kowa a nan garin Greensboro ba, har babanku.

Ni ɗan masu haƙa rijiya ne, daga ƙasar Gumel. Kakana da ita ya ci abinci, mahaifina ma haka. Rijiyoyinmu na can sai ka yi gaba ashirin kana sauka, in ka ɗaga kai ka ga bakin rijiyar ya koma kamar faifai. Abin da mahaifina ya dasa mini a ka guda ɗaya ne: in ruwa ya ja baya, ka bi shi ƙasa. In ka tarar da yumɓu kada ka tsaya, fasa shi, idon ruwa yana ƙarƙashinsa. Ban taɓa ganin wannan magana ta ba shi kunya ba, ko sau ɗaya. Da ita na girma, da ita kuma na bi wani kawuna zuwa zangon Takoradi a Ghana neman abin yi, ina ɗan shekara talatin.

A zangon na ji cewa wata Baturiya tana gina masauki can yamma a gaɓar teku, tana neman wanda ya san rijiya. Sai ka shiga mota har kwalta ta ƙare, ka bi jar hanya har ita ma ta ƙare, sannan a tsallaka da kai wani tafki a kwale-kwale. Garin na masunta ne, zaune a kan wani siririn tudun rairayi. In ka tsaya a tsakiyarsa, teku na hannun damanka, tafkin na hagunka, kuma duk biyun gishiri ne. Da aka ce mini sunan wurin "iko-loj", wallahi na zaci masaukin masu iko ne. Ashe nufinsu wurin da baƙo zai kwana ba tare da an ɓata ƙasa ko ruwa ba. Bukka takwas, babu janareta, babu ruwan gwamnati. Madam muke kiran mai wurin, kuma in faɗi gaskiya ba muguwa ba ce.

Rijiya ɗaya tak garin yake da ita, a gindin wasu kwakwa, kuma tana da mai kula da ita. Sunansa Egya Kwamina. Egya a yarensu kamar mu ce Baba ne. Tsohon soja ne, ya tsinci Hausar bariki, da ita muke magana. Ni kuma Kramo yake kirana, haka suke kiran duk Musulmi. Sharaɗin da gari ya yi da Madam shi ne masauki zai ɗebi ruwa, amma sai da izinin tsohon nan. Ranar farko da na leƙa rijiyar sai da na danne dariya. Gaba biyu da rabi! A garinmu ramin da ake zuba shara ya fi ta zurfi.

Ya lura da fuskata. Ya ce, "Kramo, ka raina ta."

Na ce, "A'a, Baba, ni wa?"

Ya ce, "Ka raina ta. Saurara. Ka san yadda mai yake zama a kan miya? Haka ruwan daɗi yake zaune a kan gishiri a garin nan. Ruwan sama ne, rairayi ya riƙe mana. A ƙasan rijiyar akwai baƙar laka, kaurinta bai fi tafin hannu biyu ba. Ita ta raba mu da teku. Ƙarfe ba ya taɓa ƙasan rijiyar nan. Ka ji ni?"

Na ce na ji. A raina kuwa cewa nake, tsoho mai kamun kifi zai koya wa jikan masu haƙa rijiya sana'ar gidansu.

Duk da haka shekara biyar na bi shi sau da ƙafa, kuma na koyi aiki. Kayan aikinsa ba su da yawa: wata doguwar sanda mai tsaga bakwai, da wani ɗan kofin silba da ya lotse. Kullum da sassafe zai zura sandar ya duba inda ruwa ya tsaya, ya ɗebo a kofin ya guntsa, ya jujjuya a bakinsa ya tofar, sannan ya miƙo mini in yi yadda ya yi. Sai mata sun gama ɗiba nake kunna ɗan famfonmu na sola, shi ma yana tsaye a kaina. In ya ɗaga hannu na kashe, ko da tankin bai kai rabi ba. Shi ya nuna mini cewa ruwan rijiyar yana hawa yana sauka tare da teku, kuma ba a jan ta da ƙarfi in teku ya cika. Tun ina jin haushin tsayuwar da yake yi a kaina har na saba.

Sauran ruwan masauki daga sama yake zuwa. Kicin da ɗakin cin abinci rufin kwano ne, da indararo da ke kai ruwa tankuna huɗu. Ba a tara ruwan farko na damina, domin kashin tsuntsu da jemage da ƙurar gishiri duk shi yake wankowa. Kafin damina sai in shiga kowane tanki da buroshi, ciki kamar tanda, in kankare gansakuka in fito jiri na ɗibana. Wata shekara na tarar da mataccen ɓera a tanki na uku, ruwan wata biyu na zubar ina ji ina gani. Na sha kuwa sai ya bi ta durom mai tsakuwa da yashi da gawayi, sannan a tafasa. Ga iskar teku da ke cin ƙarfe, ƙusa sabuwa fil wata uku ta zama gari, sifana ma in ban shafa mata man kwakwa ba sai ta ƙi motsi. Masai kuma babu ruwa a cikinsa, garin katako ake zubawa, in durom ɗin da ke ƙarƙashi ya cika a jawo shi a kai rana ya shekara ya zama taki. Wa kuke tsammani yake jawowa? Nafisa, kina toshe hanci, ai wanda kika shiga a can ma wani ne ya jawo.

Baƙi kuwa kala-kala ne. Kowane mutum bokiti ɗaya a yini, baƙin bokiti da nake ajiyewa a rana ya yi ɗumi. Akwai waɗanda suke raba shi biyu har su bar saura, su zo su yi mini godiya kamar na ba su zinariya. Akwai kuma wanda zai zauna a teburi ya yi awa guda yana wa'azin yadda duniya take ɓarnar ruwa, da ya shiga teku ya fito sai ka ji, "Haladu, ƙaro mini bokiti ɗaya, gashina ya yi gishiri." Sau uku a yini! Wata ta taɓa yin kuka wiwi don kare ya tone ƙwan kunkurun teku, amma ita ce ta bar famfon tanki a buɗe ta tafi kallon faɗuwar rana. Ba na zaginsu, hutu suka zo, kuma ba a gaya musu komai ba. Aikina ke nan, kada baƙo ya san akwai wahala.

Shekara ta shida ita ce mummunar. Can damina biyu ake yi, babba da ƙarama, to ƙaramar ba ta zo ba sam. Muka shiga rani da tanki biyu kacal, su ma ba cike ba. Ƙarshen shekara kuma shi ne lokacin baƙi, bukka takwas duk da mutane, har da wasu da suka zo ɗaura aure a bakin teku da danginsu. Ana cikin haka ƙafafun Egya Kwamina suka kumbura, 'yarsa Araba ta kai shi asibiti a Takoradi. Da za a sa shi a kwale-kwale ya miƙo mini sandar da kofin. Ya ce, "In ta sauka ƙasa da tsaga ta ƙarshe, kashe famfo, mata su riƙa kwarfa da kofi. Za ta kai mu damina. Ta taɓa yi."

Kwana goma sha biyu da tafiyarsa ruwa ya sauka ƙasa da tsagar. Mata suka koma kwarfa, mace sai ta yi rabin yini kafin ta cika baho ɗaya. Na kashe famfo yadda ya ce. Madam ta kira ni kicin, ta ce, "Haladu, gaya mini gaskiya. In babu ruwa zan sallami baƙin nan in rufe wurin har damina. Ba zan sha ruwan garin nan su zauna da ƙishi ba."

Kun ji, ita da bakinta ta ba ni hanyar fita. Da na ce mata to, da yau ban da labarin da zan ba ku. Amma sai na ji wani abu ya taso mini. Shekara biyar ina bin tsoho da kofi kamar ban san komai ba, ga ranar da za a san ko ni ɗan wane ne. Na ce, "Madam, kada ki sallami kowa. Rijiyar nan ba a taɓa yi mata haƙa na gaskiya ba. Ki ba ni yini ɗaya."

Ta ce, "Egya ya yarda?"

Na ce, "Egya masunci ne. Ni a cikin rijiya aka haife ni."

Na je na sami mai gari na yi masa bayani, matan da suka gaji da kwarfa suka goya mini baya. Wata tsohuwa ce kaɗai ta yi ta faɗa da yarensu tana nuna hanyar Takoradi, aka ce da ita ta yi shiru. Washegari da hantsi na ɗauko dagina, wanda na taho da shi tun daga Gumel, masunta biyu suka riƙe mini igiya na sauka. Na kwashe rairayi guga shida, sai ga baƙar lakar, sumul, mai sanyi, tana warin ruɓaɓɓen ganye. Na sa tafin hannu na shafa ta. Wallahi na tuna maganar tsohon a lokacin, ba mantawa na yi ba. Na yi bisimilla na ɗaga dagi. Sara na huɗu na ji ya zarce, ƙasa ta yi wani gurnani, ruwa ya ɓulɓulo ta tsakanin ƙafafuna. Na ƙara buɗe ramin kamu ɗaya da rabi. Kafin a jawo ni ruwa ya kai mini ƙirji.

Kai, ranar an yi murna! Na ɗanɗana, garɗi kamar kullum, domin na daɗin ne a sama. Mata suka yi ta guɗa irin tasu, aka kawo mini kifi kwando guda, ango ya rungume ni da jiƙaƙƙen wandona. Na kunna famfo na bar shi yana ta aiki har rana ta faɗi, na cika tanki huɗu, babu mai ɗaga mini hannu. Baƙi suka yi wanka son ransu. Na yi ta yawo a garin nan ƙirji a gaba, yara da manya suna kiran Kramo, Kramo.

Ran kwana na tara, da asuba, na ɗebo ruwa a buta zan yi alwala. Na wanke hannu, na guntsa zan kurkure baki, sai na tsaya da ruwan a bakina. Kaɗan ne ƙwarai, can a ƙarshen harshe, wanda bai yi shekara biyar yana ɗanɗana rijiyar nan ba ba zai ji ba. Zartsi. Na zubar na sake ɗebowa, na ce ko butar ce. Na je bakin rijiyar na ɗebo da kofin tsohon. Shi ne dai. Na zauna a rairayi. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba, ko ranar da rijiya ta rufta da ni ina saurayi.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne na yi shiru. Kwana biyu ban gaya wa kowa ba, ina cewa ko zai washe, har famfo na ci gaba da kunnawa don kada a tambaye ni dalili. Rana ta uku mai wankin masauki ta ce sabulu ya ƙi kumfa. Mai dafa abinci ya ce wake ya ƙi nuna. Da la'asar wata mata ta zo da jaririnta tana nuna mini bakinsa, ya ƙi shan ruwa sai kuka. Kafin mako ya zagayo ko akuya ta sansana sai ta juya.

A cikin makon aka dawo da Egya Kwamina, Araba tana riƙe da shi. Tun a kwale-kwale aka gaya masa. Bai shiga gida ba, ya ce a kai shi rijiya. Gari duka ya biyo shi. Ya miƙo hannu na ba shi kofin, ya guntsa, ya daɗe bai tofar ba. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga sandar nan ya rafka mini. Sai kawai ya ce, "Sara nawa?"

Na ce, "Huɗu, Baba."

Ya ce, "Kakan kakana ya sha ta." Ya juya ya tafi. Daga ranar bai ƙara yi mini Hausa ba. In dole ta kama sai ya gaya wa Araba da yarensu, ita ta gaya mini.

Babu abin da ban yi ba. Na sauka na cusa buhunan yumɓu a ramin, ruwa ya ture su. Madam ta sayo siminti, muka kwarfe muka zuba, gishiri ya zagayo ta gefe. Na haƙa sababbi guda uku a tsawon tudun, ban taɓa lakar ba, amma jan da na yi da famfo ya riga ya jawo teku cikin rairayin, duk ukun zartsi. Muka sa rai ga damina. Damina ta zo da ƙarfinta, rijiya ta cika har baki, aka ɗanɗana, tana nan yadda take. Ta biyu ma haka.

Ruwan sha ya koma wani rafi a hayin tafki. Mace za ta shiga kwale-kwale da jarka, ta sauka ta yi tafiyar awa guda a ƙasa, ta dawo. Rafin kuma shanu na sha, ana wanki a ciki. A ranin nan gudawa ta shiga garin, aka binne yara biyu. Ba zan ce ni na kashe su ba, amma ban isa in ce ba ni ba ne. Madam ta sa wa garin tanki biyu na ruwan sama, sukan kai su wata biyu cikin rani, daga nan sai rafi. Masauki kuwa bai rufe ba. Motar tanka take kawo ruwa har ƙarshen jar hanya, a tsallako da shi a jarkoki ta bayan kicin inda baƙi ba sa gani. Ni nake zuba shi a baƙin bokiti in ajiye a rana, baƙi suna ta yaba mana yadda muke tattalin ruwa.

Babu wanda ya kore ni, kuma wannan ya fi kora zafi. Ana amsa gaisuwata, ana sayar mini da kifi, amma in na doso inuwar da ake hira sai hirar ta mutu. Egya Kwamina ya rasu bayan damina ta biyu. Na tsaya daga nesa har aka gama, washegari na gaya wa Madam zan tafi.

Don haka, Sadiƙu, in kun je ku gina, ku fara tambayar wa yake shan ruwan wurin kafin ku, ku nemo tsohon da yake ɗanɗana shi, in ya ce kada ku taɓa, kada ku taɓa. Satifiket ɗinka na injiniya ba zai fi dagina kaifi ba.

Ranar da zan bar garin na tsallake tafki da jakata, ina tsaye a hayi ina jiran mota. Sai ga Araba ta fito daga hanyar rafi, da tsohon ciki, ta sauke jarkarta a gefen hanya tana haki. Ta huta kaɗan, ta gyara gammonta, ta duba hagu ta duba dama, babu kowa sai ni. Ta dubi jakata, ba ta tambaye ni ina za ni ba.

Ta ce, "Kramo, ɗora mini."

Na ajiye jakar na kama jarkar da hannu biyu. Ni da na yi shekaru ina jan guga, sai da na yi nishi kafin na kai ta kanta. Wuyanta ya ɗan lanƙwashe, ta dafe ƙugu ta miƙe. Ta ce ta gode, ta gangara wajen kwale-kwale a hankali, tana taka rairayi da kumburarrun ƙafafu. Gobe ma za ta dawo.